Gidan kallon besbol na bayan titin Bauchi a Jos, da lissafin da ake yi a allonsa

Na shafe kakar wasa guda cur, daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Nuwamban 2025, ina zuwa wani ƙaramin gidan kallo da ke cikin wani lungu a bayan titin Bauchi a nan Jos, kuma mutane da dama sun tambaye ni ko wurin ya cancanci a hana ido barci saboda shi. Gidajen kallon ƙwallon ƙafa ba sa ƙirguwa a garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, amma wannan ne kaɗai na sani da ke buɗe ƙofarsa da tsakar dare domin wasan besbol, wasan nan na Amurka da mai jifa ke wurga ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai duka ya tare ta da kulki, sannan ya sheƙa yana zagaya tashoshi har ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Amsata ita ce wurin ya cancanta, duk da gyare-gyaren da yake bukata, kuma abin da ya fi ɗaga darajarsa a idona ba talabijin ɗinsa ba ne, wani baƙin allo ne da ke rataye a jikin bango.

Na fara ganin wasan ido da ido a 2003, lokacin da Abuja ta karɓi baƙuncin gasar wasannin Afirka kuma besbol na cikin wasannin da aka fafata. Tun daga nan nake bibiyarsa ni kaɗai, har zuwa watan Afrilun 2017 da Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama ɗan wasa na farko haifaffen nahiyarmu da ya buga a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, sanye da rigar Pittsburgh Pirates. Daga ranar na ɗauki wannan ƙungiya, kuma ban sauya ba, duk da cewa rabonta da kofin World Series, wato gasar ƙarshe da ke fitar da zakaran kaka, tun 1979, rabonta da shiga wasannin neman kofi na bayan kaka kuma tun 2015. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san inda zuciyata take idan na zo maganar kuɗi, ganin cewa mai goyon bayan ƙungiya mai ƙaramin aljihu da mai goyon bayan ta attajirai ba da ido ɗaya suke kallon kwantiragi ba.

Ɗakin na cin mutum wajen arba'in, da benci shida da talabijin biyu, kuma da rana ƙwallon Ingila ake nunawa a cikinsa kamar kowane gidan kallo. Wahalar besbol a nan ita ce lokaci. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a New York, sha biyun dare ne a Jos, wanda kuma aka fara da bakwai a Los Angeles sai ƙarfe ukun dare zai same mu. Ranar Lahadi aka fi samun sauƙi, domin wasannin ranarsu na faɗowa wajen ƙarfe shida na yamma a wurinmu, kuma duk mai son gwada wurin a karon farko ina ba shi shawara ya fara da ita. Maigidan ya yi wa matsalar wuta maganin da ya dace: ya sa sola da batura, ya ajiye ƙaramin janareta a matsayin ko-ta-kwana, kuma a tsawon watanni bakwai sau biyu kacal na ga hoto ya ɗauke saboda wuta. Kuɗin shiga naira ɗari biyar ne a daren da ba na gasar ƙarshe ba, wanda ba shi da tsada idan aka tuna cewa da dala yake biyan kuɗin rajistar kallon. Akwai mai shayi a bakin ƙofa da ba ya tashi sai an watse, yana kuma da kyakkyawan hannu a wajen soya ƙwai, ga masallaci a maƙwabta. Sigari da caca haramun ne a ɗakin, kuma na ga maigidan ya mayar wa wani kuɗinsa ya sallame shi cikin mutunci saboda ya nace sai an sa kuɗi a kan sakamakon wasa.

Daren da ya tabbatar mini da riƙon amanar maigidan shi ne daren wasa na uku na World Series tsakanin Los Angeles Dodgers da Toronto Blue Jays, wanda ya kama wayewar garin Talata 28 ga Oktoba a wurinmu. An fara jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na dare, mu goma sha bakwai, kowa cikin rigar sanyi da hular ulu. Wasan besbol zagaye tara ne, amma ba a yin kunnen doki, sai an ci gaba har wani ya rinjaya. Zagaye na tara ya wuce ana biyar da biyar, na goma ya wuce, na sha biyu ya wuce, aka kira asuba muka fita muka yi salla muka dawo muka tarar ana nan inda aka bari. Shohei Ohtani, ɗan Japan kuma gwanin Dodgers, ya kai tasha sau tara a daren, har Toronto suka koma ba shi hanya da gangan ya wuce tasha ta farko sau huɗu don gudun kulkinsa. Gari ya waye, 'yan makaranta suka fara wucewa ta bakin ƙofa, batura suka yi ƙasa, sai maigidan ya aiki yaronsa da jarka ya sayo mai da kuɗin aljihunsa, bai kuma nemi kowa ya ƙara kobo ba. A zagaye na goma sha takwas, bayan awa shida da minti talatin da tara, Freddie Freeman ya doka ƙwallon ta tsallake katanga, Dodgers suka ci shida da biyar, ƙarfe takwas saura kaɗan. Mutum tara ne muka rage, kuma ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana yi mana sannu da haƙuri kamar mu ne muka yi masa aiki.

Laifuffukan wurin ma sai an faɗe su. Bencinan ba su da majingina, kuma zaman awa uku a kansu azaba ce ga wanda shekaru suka fara ja. Gilashin taga ɗaya ya fashe tun kafin in fara zuwa, an toshe shi da kwali, sanyin Jos kuwa kwali ba ya tare shi. A watannin Yuli da Agusta, idan ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwanon rufin, ba a jin muryar masu sharhi, intanet ɗin kuma kan tsaya cak daidai lokacin da ƙwallo ke sama. Banɗakin na bukatar fitila da ƙofa mai sakata. Babu kuma wani tanadi ga mata, alhali na san ɗalibai mata biyu a jami'a da suka fi yawancinmu sanin dokokin wasan, suka kuma ce da za a ware musu benci a kallon yammacin Lahadi da sun riƙa zuwa. Na faɗa wa maigidan duk waɗannan baki da baki kafin in rubuta su a nan.

Allon da na ambata shi ne ke riƙe da wurin idan kaka ta ƙare. Daga Nuwamba zuwa Maris ba a wasa, lokacin cinikin 'yan wasa ne, sai maigidan ya mayar da yammacin Asabar zaman hira, ana nuna tsofaffin wasanni, shi kuma yana tsaye da alli yana rubuta sunan ɗan wasa da shekarun kwantiraginsa da adadin dala, a gefe kuma ya juya shi zuwa naira. Abu na farko da yake koya wa sabon zuwa shi ne bambancin wannan kasuwa da ta ƙwallon ƙafa. Lokacin da PSG ta ɗauki Neymar a 2017, Yuro miliyan 222 ɗin na fansar kwantiraginsa ne daga Barcelona. A besbol kuwa ƙungiyoyi musayar 'yan wasa suke yi a tsakaninsu, sannan ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasa, kwantiraginsa kuma ya ƙare, yakan zama mai cin gashin kansa, ya tafi inda ya ga dama, kuɗin duka su shiga aljihunsa. Wannan 'yanci ba kyauta aka ba su ba. Wani ɗan wasa mai suna Curt Flood ya ƙi yarda a yi musayarsa a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka ya sha kaye a 1972, sana'arsa ta mutu a kan haka, sai a 1975 wani mai sasantawa ya yanke hukuncin da ya tsinke igiyar da masu ƙungiyoyi ke ɗaure 'yan wasa da ita har abada. Shi ya sa ba na shiga sahun masu tsine wa ɗan wasa saboda yawan albashinsa. Kuɗin tikiti da na talabijin sun riga sun shigo, kuma idan ba su je hannun wanda ke fasa gwiwa a fili ba, aljihun mai ƙungiya za su zauna, ba za su koma wa 'yan kallo ba.

A saman allon akwai layuka da ba a gogewa. Aaron Judge, Yankees, shekara 9, dala miliyan 360. Yoshinobu Yamamoto, Dodgers, shekara 12, miliyan 325. Vladimir Guerrero ƙarami, Toronto, shekara 14, miliyan 500. Juan Soto, Mets, shekara 15, miliyan 765. Layin da ya fi cin alli kuwa shi ne na Ohtani, wanda ya sa hannu da Dodgers a Disambar 2023 a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, adadin ya haura naira tiriliyan ɗaya, wato ya zarce kasafin kuɗin jihar Filato na shekarar 2025 gaba ɗayansa. Amma abin da ya sa ake ta komawa kansa shi ne yadda za a biya. Dala miliyan 2 kawai Ohtani ke karɓa a shekara yanzu, sauran miliyan 680 an jinkirta su, za a riƙa ba shi miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, ba tare da kuɗin ruwa ba. Wani matashi mai tuƙa Keke Napep, wanda ba ya fashin zaman Asabar, ya taɓa ɗaga hannu ya ce wa maigidan, "Oga, ni fa ban gane ba. Mutum ya yi aiki yau a ce sai bayan shekara goma, ba a cuce shi ba kuwa?" Maigidan ya tambaye shi nawa ne mudun shinkafa shekara goma da suka wuce, nawa ne yau. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce ashe miliyan 68 na wancan lokacin ba miliyan 68 na yau ba ne. Haka kuwa hukumar gasar ta lissafa, ta ƙiyasta darajar kwantiragin a kuɗin yau a kan kimanin dala miliyan 46 a shekara, ba 70 ba. Ohtani da kansa ya kawo shawarar, domin yana samun abin da ya ishe shi daga tallace-tallace, yana kuma son ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu gwanaye, kuma kofuna biyu a jere, na 2024 da na 2025, sun nuna cewa lissafinsa bai faɗi ƙasa ba.

Maganar haraji ta nan ta shigo, kuma wanda ya fi ɗaukar ta da zafi wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin tattara kuɗin shiga, da ke zama a bencin gaba da bargo a kafaɗa. A Amurka gwamnatin tarayya na karɓar har kashi 37 cikin 100 daga mafi girman kuɗin shiga, jihohi kuma kowace da nata. Kalifoniya na karɓar har kashi 13.3, yayin da Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi ko kaɗan, saboda haka adadi ɗaya a takarda ba adadi ɗaya ba ne a aljihu, kuma wakilan 'yan wasa na sa wannan a ma'auni kafin su ce sun sallama. Jihohi da yawa ma sukan bi ɗan wasan da ya zo baƙunta su karɓi rabonsu na kwanakin da ya yi aiki a ƙasarsu. Sai dai akwai wata dokar tarayya ta 1996 da ta hana jiha bin wanda ya bar ta da haraji a kan kuɗin da aka jinkirta, muddin ana biyan su daidai wa daida na tsawon shekara goma ko fiye. Ke nan idan Ohtani ya koma Japan ko wata jiha kafin 2034, Kalifoniya na iya rasa abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 98, abin da ya sa mai kula da asusun jihar, Malia Cohen, ta nemi majalisar dokokin ƙasar a Janairun 2024 da ta sa wa irin wannan jinkiri iyaka. Dattijon ya ce wa matashin nan, "Ɗana, haraji inda aka ci kasuwa ake biyansa. Titin da 'yan kallo suka bi zuwa fili, da 'yan sandan da suka tsare su, ba a Japan suke ba." Ina tare da shi a kan wannan. Ban ga laifin Ohtani ba, doka ya bi, amma ƙofa ce da ba ta buɗuwa sai ga mai ikon jiran shekara goma. Malamin makarantar da ake cire wa haraji tun albashi bai shigo hannunsa ba, a Los Angeles yake ko a Bukuru, ba shi da wannan zaɓi.

Dattijon ya kan kai maganar gida, kuma a nan ne zaman ke yin nauyi. Ya tuna mana cewa kakannin da yawa daga cikinmu neman kuɗin harajin Turawa ne ya kawo su haƙar kuza a tsaunukan nan, kuzar ta tafi Ingila, aka bar mana ramukan da ruwa ya cike. Ya tuna yadda gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murna, ba don ba su san amfanin baitulmali ba, sai don sun daɗe suna biya ba su ga komai ba. Mun tattauna sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 domin fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, waɗanda suka yafe naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, suka kuma kai mafi girman kaso zuwa 25 cikin 100. A takarda ina ganin adalci a ciki, domin ya sauke nauyi daga kan mai ƙaramin ƙarfi. Abin da zan zuba wa ido shi ne ko manyan masu samu za su biya nasu, ko kuwa su ma lauyoyinsu za su nemo musu tasu ƙofar.

Ita kanta gasar tana da nata harajin, kuma a kansa ne muka fi saɓani da magoya bayan Dodgers na ɗakin. Babu iyakar albashi a MLB, sai dai akwai wani layi da idan jimillar albashin ƙungiya ta tsallake shi za ta biya tara. Layin dala miliyan 237 ne a 2024, miliyan 241 a 2025, kuma tarar na farawa daga kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura, ta koma 30 a shekara ta biyu, 50 a ta uku, ga ƙarin kaso ga wanda ya yi nisa sosai. Dodgers sun biya kimanin dala miliyan 103 a kan kakar 2024 kaɗai. Kwantiragi mafi girma da ƙungiyata ta taɓa bayarwa zuwa ƙarshen 2025, na Bryan Reynolds a 2023, bai kai miliyan 107 ba, kuma na shekara takwas ne. Wato abin da wasu ke zubarwa tara a shekara ɗaya ya kusa kai iyakar ƙoƙarinmu na shekara takwas. Mun raini gwanin jifa Gerrit Cole, muka yi musayarsa zuwa Houston a 2018, Yankees suka ɗauke shi a kan miliyan 324 a ƙarshen 2019, yanzu kuma duk lokacin da Paul Skenes, matashin gwanin jifarmu, ya hau tudun jifa, ina kallonsa ne ina ƙirga shekarun da suka rage mana da shi. Duk da haka ba na ɗora laifin duka a kan masu kashe kuɗi. Wani ɓangare na tarar nan da sauran kuɗin da ake rabawa yana gangarowa ga ƙananan ƙungiyoyi, kuma mai ƙungiyar da ya karɓi tallafi ya ƙi zuba shi a fili ya fi cutar da ni a kan wanda ya buɗe bakin jaka don ya ci kofi. Yarjejeniyar da ke tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi za ta ƙare a ranar 1 ga Disambar 2026, kuma idan za a sa rufi a sama, ra'ayina shi ne a sa daɓe a ƙasa, a tilasta wa kowa kashe wani mafi ƙarancin adadi. Abin da ya fi ɓata mini rai ma ba albashi ba ne, kuɗin jama'a ne da ake gina wa attajirai filaye da su, kamar dala miliyan 380 da jihar Nevada ta amince da su a 2023 domin 'yan ƙungiyar Athletics su bar Oakland su koma Las Vegas.

Wata Asabar wani ya ce abin da Dodgers suka yi ba shi da bambanci da abin da gwamnatoci ke yi, a ci yau a bar wa na baya biya. Na ce masa akwai bambanci, kuma a kan wannan bambanci ra'ayina game da bashin ƙasa ya tsaya. Yarjejeniyar gasar ta wajabta wa ƙungiya ta ware darajar kuɗin da ta jinkirta a wani asusu cikin kusan shekara biyu da yin aikin, saboda haka Dodgers za su riƙa ajiye kimanin dala miliyan 44 a kan kowace shekarar Ohtani, kuɗin su yi ta haihuwa har ranar biya. Sun san abin da suka saya, sun san inda kuɗin biya zai fito. Kishiyar wannan ita ce labarin ɗan wasa Bobby Bonilla, wanda Mets suka sallama a 2000 yana bin su dala miliyan 5.9, suka gwammace su jinkirta da kuɗin ruwa kashi 8, domin masu ƙungiyar na da jari a hannun Bernie Madoff, wani mai juya kuɗin jama'a da daga baya aka gano ɗan damfara ne, suna sa ran ribar da ta fi haka. Asirin Madoff ya tonu a 2008, ribar ta zama ƙarya, amma bashin na nan: duk ranar 1 ga Yuli daga 2011 har 2035 suna biyansa kusan dala miliyan 1.2, jimilla kusan miliyan 30. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Bashin gwamnatin Amurka ya haura dala tiriliyan 38 a Oktoban 2025, rabonta da kasafin da ba shi da giɓi tun 2001, kuma a 2024 abin da ta biya na kuɗin ruwa ya zarce abin da ta kashe a kan tsaro. Rage haraji a 2001 da 2003 da 2017, da yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi, da durƙushewar tattalin arziki ta 2008, da annobar korona, duk sun zuba nasu a kai, kuma jam'iyyun biyu kowace na da hannu. Amma Amurka da kuɗinta take cin bashi. Mu kuwa wani babban kaso na namu da dala ne, alhali da naira muke tara haraji. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe mana dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12 muka fita, muka ɗauka an rabu ke nan. Ofishin kula da basussuka ya ce bashin ƙasar ya kai naira tiriliyan 97.34 a ƙarshen 2023, ya zama tiriliyan 144.67 a ƙarshen 2024, kuma faɗuwar naira na cikin manyan dalilan wannan tsalle. A Mayun 2023 aka mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ranta daga Babban Banki zuwa bashin shekara 40 a kan kuɗin ruwa kashi 9. Yaron da ke ɗebo wa maigidan mai a jarka zai tsufa ana biyan wannan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba na adawa da rancen da aka shimfiɗa layin dogo ko aka gina tashar wuta da shi, wanda zai haifi abin biyan kansa. Wanda nake ƙi shi ne na Bonilla, wanda aka ci da fatan farashin mai zai tashi, ba tare da asusun da aka ware ba, ba kuma tare da wani abu a ƙasa da za a nuna wa masu biya ba.

Shi kansa maigidan yana cikin wannan lissafi, kuma bai ɓoye mana ba. Baturan da suka riƙe mu a daren zagaye goma sha takwas bashi ya ɗauko su, yana biya wata-wata, kuma duk dare yakan cire wani abu daga kuɗin ƙofa ya jefa a wata gwangwanin madara kafin ya taɓa saura. Na ga littafinsa, inda ya rubuta abin da ya biya da abin da ya rage, a bayansa kuma sunayen ɗaliban da yake bari su shiga bashi har kuɗin makaranta ya zo musu. Na kuma ga tarin rasit da ya soke a jikin ƙusa, na masu karɓar kuɗi iri-iri da ke zuwa wurinsa, wannan na allon talla, wannan na shara, wannan na lasisi, alhali lungun na nan da kwatarsa a toshe. Bai taɓa ƙin biya ba, ƙorafinsa ɗaya ne, a haɗa su wuri guda a faɗa masa adadi a farkon shekara, ya san abin da zai tanada.

Ya ce da zarar ya gama biyan baturan zai sa gilashin taga ya kuma kawo benci biyu masu majingina, ya yi alkawarin duba maganar bencin mata a kallon Lahadi, kuma bisa abin da na gani na cika alkawarinsa na ba shi rabin kuɗin kallon kaka mai zuwa tun yanzu don ya ƙara a kan aikin. Mai son zuwa ya riƙo rigar sanyi mai kauri da ɗan matashin zama, ya kuma shirya kwana har asuba, domin ba a son a riƙa fita lungun da tsakar dare. Zaman Asabar ana fara shi bayan la'asar, ba a karɓar ko sisi sai kuɗin shayi. Na roƙe shi ya buɗe wa Pirates layi a ƙasan allon ko da adadin da za a rubuta a gabansa ƙarami ne, ya ɗauki alli ya ja layin a gabana.